Kundin Zane Da Liƙe-Liƙe: Abin Yi A Dogon Hutu

Duk shekara idan watan Yuli ya raba tsakiya, makarantun ƙasar nan sukan fara shirin sallamar yara zuwa dogon hutu, kuma duk shekara tambaya guda ce takan dami iyaye, watau me yaran nan za su yi da makonnin da ke gabansu. Ɗan manomi ba shi da wannan damuwa, domin hutun yakan faɗo ne a tsakiyar damina, gona kuwa ba ta san hutu ba. Amma ɗan birni, ko a Legas yake ko Kano ko Ibadan ko Jos, sau da yawa gari kan waye masa ba shi da abin yi sai latsa wayar hannu da zaman bakin titi. Saboda haka wannan fili zai duba wata al'ada ta mutanen Turai da Amurka wadda takan bunƙasa a daidai wannan lokaci, domin mai karatu ya auna ya gani ko akwai abin ɗauka a ciki.

A waɗannan ƙasashe watannin Yuni da Yuli da Agusta su ne lokacin ɗumi, wanda masu fassara suka saba kira bazara, ko da yake a nan ruwa ake shatatawa. Mutanen da suka shafe watanni a ƙunshe cikin ɗaki saboda sanyi sukan fito su sha iska. Yini yakan yi tsawo ƙwarai, har a birnin London yakan haura awa 16 a ƙarshen Yuni. Makarantu sukan rufe, ma'aikata su ɗauki hutu, a yi ta tafiye-tafiye. To, cikin kayan da waɗansunsu kan jefa a jaka akwai wani littafi mai fararen shafuka, da ɗan akwatin fentin ruwa, da almakashi, da gam.

Littafin nan shi ne abin da za a iya kira kundin zane da liƙe-liƙe. Mai shi yakan buɗe shafi guda kowace rana ko bayan 'yan kwanaki, ya ajiye abin da ya gani ko ya ji a ranar. Amma maimakon ya tsaya ga rubutu kaɗai kamar mai ajiye labarin yau da kullum, sai ya haɗa da duk abin da hannunsa ya kai gare shi. Ya shafa launi, ya zana itacen da ya zauna a ƙarƙashinsa, ya manna tikitin jirgin ƙasa da ya shiga, ya yanko kanun labari daga jarida ya liƙa a gefe, sa'an nan ya rubuta layi biyu ko uku a kai, ya sa kwanan wata. Ba don sayarwa ake yi ba, ba kuma malamin da zai ba da maki. Da yawa daga cikin masu yi ma'aikatan asibiti ne, da malaman makaranta, da matan aure, da tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda ba su taɓa shiga ajin koyon zane ba.

ASALIN ABIN

Al'adar tana da jijiya biyu. Ta farko ita ce littafin matafiyi. A shekarar 1832 wani mai zane Bafaranshe, Eugène Delacroix, ya bi ayarin jakadan ƙasarsa zuwa fadar Sarkin Maroko, ya yi wajen wata shida yana yawo tsakanin Tanja da Miknas da waɗansu garuruwa. Ko'ina ya sa ƙafa littafinsa yana hannu. Yakan zana ƙofar gari ko mahayin doki cikin gaggawa, ya ɗan shafa fentin ruwa, ya rubuta a gefe irin launin rawani da yadda inuwa ta faɗi, domin kada ya manta. Daga waɗannan 'yan littattafai ya riƙa ɗebo manyan zane-zanensa har ƙarshen rayuwarsa, kuma waɗansu daga cikinsu suna ajiye a gidan adana kayan tarihi na Louvre a birnin Paris.

Jijiya ta biyu ita ce liƙe-liƙe. A shekarar 1912 Pablo Picasso ya manna wani yankin leda mai zanen saƙar kujera a jikin allon zanensa. A watan Satumba na shekarar, abokinsa Georges Braque, wanda ya je hutu garin Sorgues a kudancin Faransa, ya ga takardar adon bango mai kama da katako a wani kanti a Avignon, ya saya, ya yanka, ya liƙa a takarda, ya yi zane da gawayi a kai. Abin ya zama kamar wasa, amma ya buɗe ƙofar da ba a sake rufewa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wani Bajamushe mutumin Hanover, Kurt Schwitters, ya mai da tsince-tsince sana'a: tsofaffin tikitoci da ambulan da takardun da aka yar a titi, da su yake haɗa hotunansa. Ƙasarsa ta fito daga yaƙi a ragargaje, shi kuwa ya nuna cewa daga ɓaraguzai ma ana iya gina abin kallo.

Da jijiyoyin nan biyu suka haɗu sai aka sami kundi irin na yau. Frida Kahlo, 'yar ƙasar Meziko, wadda haɗarin mota ya naƙasa tun 1925, ta riƙe irin wannan kundi daga 1944 har rasuwarta a 1954. A ciki akwai wasiƙu da zane da ɗigon tawada da takan ja shi ta mai da shi wata siffa. Lokacin da aka yanke mata ƙafa a 1953, a kundin ta zuba baƙin cikinta. Ba a buga shi duniya ta gani ba sai a 1995.

YARON NAIROBI

Amma misalin da ya fi kusa da matasan Afirka shi ne na wani saurayi mai suna Dan Eldon. An haife shi a London a 1970, uwarsa Ba'amurkiya, ubansa Baturen Ingila, aka kawo shi Nairobi ta ƙasar Kenya yana da shekara 7, a can ya girma. Tun yana makarantar sakandare ya soma cika manyan littattafai masu baƙin bango da hotunan da ya ɗauka, da taswira, da tsabar kuɗi, da gashin tsuntsaye, da yankan jarida, ya bi su da fenti da tawada da rubutun barkwanci, shafi bisa shafi, har littafi ya kumbura ya ƙi rufuwa.

Abin lura game da yaron nan shi ne kundin bai killace shi a ɗaki ba. Mai neman abin da zai sa a shafi dole ya fita ya duba, wanda ya duba da kyau kuwa yakan ga abin da waɗansu suka wuce ba su gani ba. A wata tafiya da ya yi kudancin Afirka ya ga halin da 'yan gudun hijirar Mozambik suke ciki a Malawi. Da ya koma karatu a Amurka sai ya tara 'yan'uwansa ɗalibai suka nemi gudummawa, a hutun bazarar 1990 suka haɗu a Nairobi, suka tuƙa motoci har Malawi, suka ba da kuɗin haƙa rijiyoyi da barguna, suka bar mota guda ga masu aikin agaji. Duk wannan tafiya tana cikin kundinsa.

A 1992 ya shiga Somaliya lokacin da yunwa take kashe mutane, hotunansa suka sa kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ɗauke shi aiki. Ranar 12 ga Yuli, 1993, jiragen Amurka masu saukar ungulu suka yi luguden wuta a kan wani gida a Mogadishu inda ake taro, mutane da dama suka mutu, ciki har da dattawa. 'Yan jarida suka garzaya wurin don ɗaukar hoto, jama'ar da ta fusata ta auka musu da duwatsu da sanduna. Mutum huɗu aka kashe: Dan Eldon, da Hos Maina da Anthony Macharia 'yan Kenya, da Hansi Krauss Bajamushe. Eldon yana da shekara 22.

Bai bar gida ba, bai bar 'ya'ya ba. Abin da ya bari shi ne kundi 17. Daga cikinsu mahaifiyarsa, Kathy Eldon, ta zaɓi shafuka aka buga littafi a 1997, littafin da ya sa ɗimbin matasa da malaman makaranta a ƙasashe daban-daban suka ɗauki almakashi da gam. Da bai riƙe kundi ba, da abin da za a sani game da shi bai wuce layi biyu a jerin 'yan jaridar da suka mutu a bakin aiki ba.

Daga baya abin ya zama ruwan dare. A 2007 wani ɗan jarida mai zane a birnin Seattle, Gabriel Campanario, ya kafa ƙungiyar masu zana abin da suka gani a titunan garuruwansu, ta yaɗu zuwa birane masu yawa. A 2011 kuma wata Ba'amurkiya ta ɓullo da wata dabara ta bazara, watau mutum ya ɗauki ɗan kati da bai fi tafin hannu ba, ya yi wani abu a kansa kowace rana daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli, kwana 61 cur. Hikimar ita ce katin ba shi da tsada, saboda haka ba a jin tsoron ɓata shi, kuma ƙanƙantarsa ta sa ba mai cewa ba shi da lokaci. Da yayyafi kogi kan cika.

BA BAƘON ABU BA NE

Mai karatu zai iya cewa wannan ai sha'anin Turawa ne. To amma kalmar kundi da aka ara a nan ta girmi duk mutanen da aka ambata. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna tara warƙoƙi a gafaka, kowa da nasa: abin da ya kwafo daga malaminsa, da fa'idar da ya samo a tafiya, da ranar haihuwar ɗa ko rasuwar babba da ya rubuta a gefen takarda. Mai rubutun Alƙur'ani yana da baƙar tawada ta baƙaƙe, da ja ta wasula, da rawaya. Almajirin da zai yi sauka akan yi masa zayyana a allo da launuka masu ƙayatarwa. Magini yana da dagi da sauran adon da yakan yi a fuskar soro, maɗinki yana da aska takwas, mai sassaƙa ƙwarya da baduku kowa da irin zanensa. Hannun da ya gaji waɗannan bai kamata ya ji tsoron farar takarda ba.

Akwai ma wani abin mamaki. Fentin ruwan da masu zane na Turai suke alfahari da shi, abin da yake riƙe launinsa a jikin takarda shi ne ƙaro, wanda ake tsagowa daga itacen dakwara a Sudan da Chadi da jihohin Borno da Yobe da Jigawa. Shi ne dai ƙaron da almajiri yake jiƙawa ya haɗa da gawayi ko baƙin tukunya ya yi tawada. Watau ana ɗaukarsa daga nan a buhu, a dawo da shi a ɗan akwati da tsada.

Haka nan a 1958 waɗansu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a karɓi dabarun da Bature ya kawo, amma a zuba musu abin gida. Shawarar nan tasu ita ce ta dace da mai son buɗe kundi a yau. Ba furen Ingila zai zana ba, ga zogale da rimi a ƙofar gida.

MASU JA DA BAYA

Akwai masu cewa wannan wasan masu ƙoshi ne, wanda bai ci ya ƙoshi ba ina shi ina fenti. Maganar tana da ƙamshin gaskiya idan aka dubi irin kayan da ake tallatawa a kantunan waje, amma Schwitters a titi ya tsinci nasa kayan. Littafin rubutu na makaranta ya isa, ko bayan kalandar bara a yanka a ɗinke da zare. Gam kuwa, a dama ɗan garin rogo ko fulawa a kan wuta har ya yi kauri, ko a jiƙa ƙaro. Launi yana cikin madafa da kasuwa: zoɓo ya ba da ja, gangamau ya ba da rawaya, shuni ya ba da shuɗi, goro da lalle da ganyen shayi su ba da ruwan ƙasa iri-iri, karan dafi da dukawa suke rina fata da shi ya ba da ja mai duhu. A daddaka bakin ɗanyen tsinke ya zama burushi. Tela ba zai hana yaro ƙyallayen da suka zube a ƙarƙashin keke ba.

Akwai kuma waɗanda suke ƙyamar zana siffar mai rai saboda addini, kuma ba wanda zai tilasta musu. Kundi yana cika ba tare da fuskar kowa ba. Ƙofar gari, da hadarin da ya haɗo daga gabas, da zanen hula, da taswirar unguwa, da ganyen da aka busar aka manna, da kyakkyawan rubutun boko ko ajami, duk sun isa su ƙawata shafi.

Na uku su ne masu cewa ai waya tana ɗaukar hoto, me ya kawo wahalar almakashi? Waya tana ɗauka, amma kowa ya san wanda aka sace wa waya ko ta faɗa ruwa, hotunan shekara biyar suka tafi a dare ɗaya. Bugu da ƙari, mai ɗaukar hoto yakan latsa ya wuce, mai zane kuwa sai ya zauna ya ƙirga tagogin masallaci ko rassan itace kafin ya sa alƙalami. Wannan zama da ƙirga shi ne horon. Yaron da ya saba da shi ya sami rabin abin da ake nema ga injiniya da likita da ɗan jarida, watau ido mai lura da hannu mai haƙuri.

ABIN DA KE SALWANTA

Babban dalilin da ya sa aka kawo wannan magana shi ne abin da yake ɓacewa kullum ba a sani ba. Tarihin sarakuna da gwamnoni yana da masu rubuta shi. Amma nawa aka sayar da mudun gero a shekarar da aka haifi wane, wace atamfa aka yi anko da ita a bikin wance, yaya tsohuwar kasuwa take kafin gobara, wane wasa yara suke yi da dare a dandali, waɗannan ba mai rubutawa, sai su bi tsofaffi zuwa kabari. Dalilin da ya sa masana suke riƙe da labarin Baba mutuniyar Karo hannu bibbiyu ke nan. Tsohuwa ce da ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin aure da ƙawance da goyo da harin bayi, aka buga a 1954 bayan rasuwarta. Dubban mata sa'o'inta sun san abin da ta sani, amma nata kaɗai aka rubuta. Kundin da yarinya 'yar shekara 13 za ta cika a hutun bana, da ƙyallen ankon yayarta da katin gayyata da farashin kayan miya, nan da shekara 50 zai zama shaida irin wannan.

GA MAI SON FARAWA

Sharaɗi na farko shi ne kwanan wata da sunan gari a kowane shafi, domin shafin da ba shi da kwanan wata ado ne kawai. Na biyu, a ware ɗan lokaci ƙayyadadde, ko minti 15 ne bayan la'asar, a riƙe shi kullum. Na uku, kada a yage shafi don ya yi muni. A bar shi, a juya, gobe a yi wani.

Damina tana da nata sharruɗa. Takarda mai laima takan yi fumfuna, saboda haka a bar shafi ya bushe a inuwa kafin a rufe, a sa tsohuwar jarida a tsakani, a danne da abu mai nauyi. Ganye ko fure sai an matse shi ya bushe sarai kafin a manna. Gam ɗin rogo yana kiran kyankyaso da gara, don haka a shafa shi kaɗan, a ajiye kundin a akwati nesa da ƙasa. Launin zoɓo da na gangamau suna kodewa idan rana ta dake su. Rasit ɗin da injin kanti ko na banki yake fitarwa yakan goge da kansa cikin 'yan watanni, gara a kwafe abin da ke jiki da biro a gefe.

Akwai kuma abubuwan da almakashi bai kamata ya taɓa ba. Kada a yanka littafin makaranta ko na laburare. Kada a yanka takardar da take ɗauke da ayoyi ko sunan Allah. Kada a manna takardar Naira ko a yi rubutu a kanta, domin dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta wulaƙanta kuɗi. Kada kuma a sa hoton wani ko sirrinsa a shafin da za a nuna wa jama'a ba da yardarsa ba.

Sauran magana tana ga iyaye da malamai. Yaro yakan kawo shafinsa na farko yana ɗoki, kalma guda ta ba'a ta isa ta sa ya rufe littafin har abada. Uban da ya ga ɗansa ya zana akuya ta fito kamar jaki, ya tambaye shi inda ya ga akuyar da abin da take ci, sai yaron ya koma ya sake dubawa. Uwa kuma ta sani kundin 'yarta ba wurin bincike ba ne, sai abin da ta nuna da kanta. Malaman firamare da na sakandare suna iya ba kowane ɗalibi aikin cika shafi 30 kafin a dawo, ranar komawa a shimfiɗa su a kan tebur kowa ya ga na kowa, ba tare da an ce wane ya zo na ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hutun kuwa 'yan makonni ne, kafin a farga Satumba ta zo.